Jar Leda

Matata Lorna ba ta taɓa shiri da audugar mata ta kanti ba. In ta sa ta wuni ɗaya sai wurin ya yi ja, ya fito da ƙuraje, fata ta sale kamar an ɗiga mata ruwan batir. Likita ya ce gam ɗin da turaren da ake sa wa abin ne jikinta ba ya so. Sai ta yanyanka tsofaffin rigunana na sanyi masu laushi, ta ɗinka wa kanta ƙunzugu mai maɓalli. Ta sa, ta wanke, ta shanya a bayan gida. Muka yi shekaru ba mu sake jin wannan magana ba.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a kicin. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta ƙi, baki ya ɗaure. Abin da ya rage mata na magana shi ne sunana, shi ma rabinsa: "Roy." Da ƙyar muka samu gado a wani gidan jinya a bayan Chillicothe, inda ake koya wa irinta tafiya. Ta fara tsayawa tana dafa ƙarfen koyon tafiya. Wannan gado shi ne komai namu, don duk kudancin Ohio ba wani wurin da zai karɓe ta nan kusa.

Ranar da na kai ta, na zuba ƙunzugunta a durowa, na faɗa wa nas baki da baki: wannan za ku sa mata, na kanti yana cin jikinta, ni zan riƙa wankewa. Ta ce to, tana kallon wayarta.

Wata Asabar na tashi daga aikina na walda na je. Na tarar da Lorna tana hawaye, tana dukan cinyarta da hannun hagu. Na ba ta ruwa, ta ture. Na gyara matashi, ta ture.

Tsohuwa Opal, mai gadon kusa da taga, ta rage ƙarar talabijin.

"Kai ɗan nan, ba ƙishi take ji ba, ba kuma kewar wannan fuskar taka ba ce. Ja labule ka duba matarka."

Na ja. Audugar kanti ce a jikinta, mai ƙamshin nan kamar sabulun banɗaki. Na cire a hankali. Tun daga cinya har ciki nama ne ja, wani wurin yana tsatstsafo da ruwa. Lorna ta juya fuskarta bango.

Na fizgo durowa. Ƙunzugun da na cika ta da su, saura 'yan kaɗan a lungu.

"Ina sauran?"

"Jar leda," in ji Opal. "Wadda ake kaiwa ƙonawa. Da farko sun sa mata naku, in sun cire su jefa. Da suka gaji da maɓallin sai suka koma nasu. Na yi magana, aka ce Kaka ki sha maganinki."

Da hannunta ta ɗinka su. Hannun da yanzu cokali ma ba ya riƙewa.

Ban ƙwanƙwasa ofishin shugabar wurin ba. Madam Hadley tana cin burodi da kaza a kan tebur.

"Mista Tackett, zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Wa ya ƙona kayan matata?"

Ta goge baki. Ta ce doka ce, duk abin da jinin majinyaci ya taɓa, ma'aikaci ba ya ajiyewa, ba ya wankewa, jar leda kawai.

"Na ce ku wanke? Na ce ni zan wanke!"

"Ba mu da inda za mu ajiye maka. Amma akwai wata irin audugar marar turare."

"Lorna ta gwada ta tun kina makarantar firamare."

"To za mu shafa mata mai. Ko kuma likita ya rubuta allurar da ke tsayar da al'ada gaba ɗaya. Iyalai da yawa suna zaɓar haka, kowa ya huta."

Na matso bakin teburin.

"Kowa wa? Mace rabin jikinta ya mutu, ɗan abin da ya rage yana aiki shi za ku kashe don ku huta? Kin tambaye ta?"

"Ai ba ta magana."

"Tana da kai. Tana girgiza shi."

Ta rufe kwanon abincinta. Muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi zagi.

"In ba ka gamsu da mu ba, kana iya ɗauke ta. Akwai masu jiran gadon. In kuma kai za ka riƙa canza mata da kanka a bayan labule, wannan tsakanin miji da mata ne. Amma ba wanda zai taya ka, kuma abin ba zai kwana a ginin nan ba."

Na so in kifar da teburin. Wallahi hannuna har ya kama bakinsa. Na saki, na fita.

Na koma na durƙusa gaban Lorna. Na faɗa mata duka, ban rage ba.

"Allura?"

Ta girgiza kai har gashinta ya zubo mata a fuska.

"In kai ki gida?"

Sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna ƙofa, ɓangaren ɗakin da ake koya musu tafiya.

"Ka ji," in ji Opal. "Tafiya take so ta koya, ko don ta guje ka."

Lorna ta yi wata 'yar ƙara da rabin bakinta. Dariya ce.

Tun daga nan, duk lokacin da kwanakin al'adarta suka zo, ina can da sassafe, ina can da rana, ina can kafin a rufe ƙofar baƙi. In ajiye wutar walda, in wanke hannu har gwiwar hannu, in tuƙa a-kori-kurata cikin ƙanƙara. Maigidan garejinmu ya ba wani yaro manyan ayyukan da nake yi, ya ce ba zai jira mutumin da ke ɓacewa ba. Ban roƙe shi ba. Ina da bokitin fenti mai murfi, a ciki nake kwaso ƙunzugun da ta ɓata, in jiƙa a ruwan sanyi, in wanke, in shanya a kan hitar ɗumama ɗaki don su bushe kafin in koma, tunda kaɗan suka bar mana.

Fatar ta warke. Lorna tana nan a gadonta, tana takawa daga ƙarfe zuwa kujera.

Hanyar fita ta gaban ofishin Madam Hadley take. Duk sanda na wuce da bokitina takan ɗago ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Mista Tackett." Ban taɓa amsa mata ba.