Malam Zainu da Burtalin Kudan

Malam Zainulabidin bai nemi shiga majalisa ba. Malamin elementare ne a Ikara, shekararsa goma sha ɗaya yana koyarwa, sai zaɓen 1951 ya zo. Zaɓen wancan lokaci hawa-hawa ne: ƙauye ya fitar da mutanensa, su je gunduma su fitar da nasu, waɗannan kuma su je Zariya su zaɓi masu tafiya Kaduna. A kowane hawa sai a duba a ce, wa ya iya karatun boko, wa kuma ba shi da abokin faɗa? Sai a nuna shi. Haka aka yi ta tura shi gaba har ya zama wakili a Majalisar Jihar Arewa.

Shi mutumin Kudan ne, can ake kiransa Malam Zainu. Wansa Usmanu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, manomin rake ne a fadamar garin. Yana da injin matse rake wanda doki ke juyawa, yana dafa mazarƙwaila ya kai kasuwar Makarfi. Ranar da Malam Zainu zai fara tafiya Kaduna, Usmanu ne ya raka shi tashar jirgin ƙasa, yana ta gaya wa duk wanda suka gamu da shi inda ƙanensa za shi.

Majalisar ba ta zama sai sau biyu ko uku a shekara. Kujerarsa na can baya, kusa da ƙofa. Manya su yi jawabi, tafinta ya juya, a ɗaga hannu, a tashi. Ya rubuta tambaya a kan rijiyar ƙauyen Janfalan da ta rufta, aka ce ana duba al'amarin. Ya rubuta a kan ɗakin shan magani, aka ce sai kasafin baɗi. In ya dawo gida kuwa sai ya tarar da zaurensa cike. Wannan yana son a ɗauki ɗansa aikin gandun daji, wancan an yi masa shari'a bai yarda ba, wata tsohuwa jakinta ya ɓata. Duk sun ɗauka wanda ya zauna ɗaki ɗaya da Gwamna ba abin da zai gagare shi. Da farko yakan yi musu bayani. Daga baya ya gaji, sai dai ya rubuta sunan mutum a takarda ya ce, "To, Allah ya sa a dace."

A shekara ta uku, da kaka, wani dattijon Bafulatani mai suna Ardo Bobbo ya yi sallama da shi. Rugarsu na gabas da Kudan tun zamanin kakansa. Bayan sun daɗe suna gaisawa, ya ce, "Malam, hanyar ruwa muka rasa. Burtalin da shanunmu ke bi zuwa rafi, an cinye shi da noma. Da shanu goma kan jeru su wuce, yanzu biyu ma sai da dabara. In saniya ta kai baki ga rake, a kai mu gaban alƙali. Ba faɗa muke nema ba."

Malam Zainu ya bi shi suka je suka gani. Gaskiyar Ardo ce. Gonaki goma sha huɗu ne suka shigo cikin burtalin, kuma wadda ta fi shigowa ita ce ta Usmanu.

Bayan la'asar ya sami wansa a bakin inji, ana kwashe mazarƙwaila daga tukunya.

"Yaya, maganar burtali ce ta kawo ni."

Usmanu bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji ka zagaya da Bafulatani kana ƙirga gonakin mutane."

"Dubawa na yi. Kai ma ka san inda iyakar take, Baba ya nuna mana."

"Na sani. Na kuma san bakin da nake ciyarwa. Kai aka tura Kaduna ka kawo mana rijiya da asibiti, ba ka kawo ba, ba wanda ya ce maka komai. Yanzu abin da ke hannunmu za ka karɓe?"

"In na yi shiru, wata rana jini za a zubar a wurin nan."

"To, yi abin da ka ga dama, Zainu. Kai ne mai kujera."

Ya yi kwana uku yana juya maganar. Matarsa Hassana ta ce masa, "Malam, wannan ba aikinka ba ne, akwai dagaci, akwai hakimi." Ya ce ya sani, amma Ardo ya je musu kafin ya zo gare shi. Ya rubuta takarda, ya kai Zariya da kansa. Daga wannan ofis a tura shi wancan, ya je sau biyar a kan keke da mota. Da aka koma zama a Kaduna ya tashi ya yi magana a kan burtali, ba na Kudan kaɗai ba, na ƙasar duka. Wannan ne jawabinsa mafi tsawo a majalisa, kuma rabin kujerun babu kowa, don ana dab da tashi cin abinci.

Abin mamaki, wannan karon aka amsa. Da rani wani Baturen mulki ya zo da hakimi da mai awo. Aka tara tsofaffi suka nuna tsohuwar iyaka, aka kafa turaku, aka dasa shingen ƙyarana gefe da gefe. Usmanu ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rakensa. Yana tsaye yana kallo har aka gama, ya kaɗa rigarsa ya tafi. Daga ranar, in sun haɗu a masallaci sai gaisuwa kawai, ita ma gajera.

Zaɓen 1956 ya matso. Mutanen jam'iyya suka taru a Makarfi don tsayar da ɗan takara. Aka yi wa Malam Zainu godiya mai tsawo, aka yabi haƙurinsa, sannan aka ce manoman rake sun rantse ba za su bi shi ba, kuma su ne masu jama'a. Aka tsayar da Mamuda, wani mai sayen auduga da ke da lori biyu. Malam Zainu ya miƙa masa hannu, ya hau kekensa ya koma Kudan. A hanya ya lura bai ji zafin da ya zaci zai ji ba. Jikinsa ne kawai ya yi nauyi.

Ardo Bobbo bai ma san an yi haka ba. Tun daminar da ta wuce ciwon huhu ya shiga garkensa, ya kwashe abin da ya rage ya yi kudu, wasu rugage suka bi shi. Kafin shekara biyu aka tuge turakun aka yi wuta da su, rake ya koma inda yake. Malam Zainu ya gani, ya wuce abinsa.

Makarantar Ikara ta riga ta sami wani malami. Sai ya koma noman dawa a gonar gado, yana rubuta wa mutane wasiƙa ranar kasuwa. Suna dai kiransa Wakili.

A 1959, ana shirin zaɓen tarayya, Mamuda, wanda ya gaji kujerarsa, ya zo har gida. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Malam, so muke ka raka mu Janfalan da Ikara. Tsofaffin ɗalibanka suna jin maganarka."

"Me zan gaya musu?"

"Abin da aka saba. Mulkin kai ya kusa, rijiya, asibiti."

"Na faɗa musu wannan shekara biyar, Mamuda. Bakina ya gaji."

Mamuda ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Wallahi ni ma zaurena ba ya rabuwa da mutane. Ko abinci sai na ɓuya nake ci. Yaya ka yi da su?"

"Rubuta sunayensu nake yi."

Suka yi 'yar dariya tare. Mamuda bai sake roƙonsa ba, ya sha fura ya tafi.

Da kakar shekarar Hassana ta dawo daga gidan suna ta ce masa, "Yaya Usmanu fa ƙafarsa ta kumbura, kurkunu ne. Raken ya isa sara, 'ya'yansa biyu kuma suna Kano."

Da safe ya ɗauki adda ya nufi fadama. Ya tarar da wansa zaune a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafar da aka naɗe da tsumma. Ya durƙusa ya gaishe shi.

Usmanu ya dube shi, ya dubi addar. Ya ce, "Hannun alli da takarda zai iya sara?"

"Zai koya, Yaya."

"To, fara daga bakin rafi, can ya fi nuna. Ka sara ƙasa-ƙasa, kada ka bar mini kututture."

Malam Zainu ya tuɓe riga ya rataye a reshe. Ya yi sara har azahar, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Da aka kawo tuwo daga gidan Usmanu, kwano ɗaya aka kawo, suka ci tare suna maganar farashin mazarƙwaila a Makarfi. Washegari ma ya dawo, haka har aka gama sara.