Rabin Rai Kwana Takwas

Maƙoƙon da ya fito wa Iya a wuya bai dame ta ba kamar maganar ɗakinta. Ɗaki ne na bakin titi, mai taga biyu, kuma babban ɗanta, Direba, ya sa masa ido tun rasuwar ubansu. So yake ya fasa bangon ya buɗe shagon kayan mota, ita kuwa a mayar da ita can baya kusa da makewayi. In ya zo gaisuwa, baki na cewa "ina kwana Iya", ido na auna bango.

Shi ya kai ta asibiti, ya ajiye ta gaban likita ya fita amsa waya. Likitar wata siririya ce mai tabarau. Ta fito da ƙwayar magani ɗaya tak daga wani gwangwani mai nauyin tsiya. To Iya ba ta haɗiye abin da ba ta san asalinsa ba.

"'Yar nan, me ke ciki?"

"Aidin ne, Iya, amma irin wanda ba shi da zaman lafiya. A can tsakiyarsa akwai 'yan gida iri biyu, furoton da niyutiron. Niyutiron sun yi yawa, gida ya cushe. Sai ɗaya ya rikiɗe ya koma furoton, ya harbo wani ɗan mitsitsi waje, shi ake kira beta. Ba ya nisa, nan cikin maƙoƙon yake faɗuwa ya ƙona shi. Akwai kuma wani da suke fitowa tare, shi ko sallama ba ya yi, ratsa bango yake ya wuce abinsa."

"Wannan na san shi," in ji Iya. "Surukina ne. Wanda ya rikiɗen fa, yana komawa yadda yake?"

"Ba ya komawa. Gidan ma ya tashi daga aidin ke nan, ya zama wani abu daban."

Iya ta tuna bangonta, ta haɗiye ƙwayar. Likita ta shiga yi mata bayanin yadda maganin zai riƙa raguwa, Iya ta kasa kunne.

Direba ya dawo daidai likita na cewa, "Rabin rai kwana takwas ne. Ta zauna a ɗaki ita kaɗai, kofinta daban, jikoki kada su matso." Bai tambayi ran wa ba. Nan take ya buga lissafinsa: rabi takwas, duka sha shida. Jikinsa ya yi sanyi, amma ba duka ba.

Kafin azahar dangi sun ji. Aka riƙa zuwa ana tsayawa daga bakin ƙofa ana sharar hawaye. Ƙanwar Iya ta dawo da babbar tukunyar da ta ara tun auta yana goye, wadda ta sha rantsuwa cewa ɓarayi sun ɗauke. Matar Direba ta kawo zannuwa biyu da ta ce wai a wanki suka ɓace. Surukin ma ya zo, har da sallama.

Da farko Iya ta ɗauka asibitin ne ya sa aka tuna da ita. Sai ta jiyo matar Direba ta taga tana raɗa wa maƙwabciya, "Saura sha huɗu." Ta juya maganar, ta gane inda aka kwana. Ba ta gyara wa kowa ba. Tari ma ta ƙara.

Ta sa aka kira mata Direba, da kawunsa, da dattawan layin. Suka jeru a tsakar gida, ita tana kwance daga ciki, murya can ƙasa.

"Babbana, abu ɗaya nake roƙo. Kada guduma ta taɓa bangon nan sai abin da na haɗiya ya ƙare ƙurmus. Daga nan ɗaki naka ne."

"Haba Iya, wa ke maganar ɗaki yanzu!"

"Kai kake yi, da ido. Rantse."

Ya rantse, ya maimaita, kawu ya ce kowa ya shaida. Har da kukansa, kuma Allah ya sani kukan na gaskiya ne, don yana son uwarsa. Sai dai shagon ma yana so.

Kwana sha shida suka cika, Iya na tsakar gida da tsintsiya tana yi wa jikoki faɗa, wuya ya fara saɓewa. Direba ya mayar da ita asibiti, fuskarsa ta rasa wadda za ta ɗauka. Ya ja likita gefe.

"Ranki ya daɗe, kin ce rabin rai kwana takwas."

"Na maganin, eh. Kai na wa ka ɗauka?"

Ya share zufa. "To maganin ya ƙare ke nan?"

"A'a. Kwana takwas rabi ya tafi. Wasu takwas, rabin abin da ya rage. Haka zai yi ta yi, rabin rabi, rabin rabin rabi."

"Sai yaushe zai ƙare ƙurmus?"

"Nan da 'yan watanni na'urarmu ma ba za ta ji shi ba. Amma in tsaya in ce maka yau na ƙarshen ya tafi, wannan ba ni da bakin rantsuwa."

"Shi yana da shi," in ji Iya daga kan kujera. "Gaban kawunsa ya yi."

Da suka iso gida suka tarar da magini zaune a gindin bango da guduma, don tun makon jiya aka sa masa rana. Ya miƙe yana shirin yin ta'aziyya, ya ga Iya ta fito daga mota da ƙafarta, bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," ta ce. "Tunda ka zo, dokin ƙofata ya zaizaye, gyara min. Babbana, kawo masa ruwa."