Kilo Uku a Jakar Auta

Saje ya rataya jakar Auta a sikeli, allura ta tsaya cak a kilo ashirin da biyar, daidai yadda doka ta ce. Ya rubuta. Ƙanen nasa na sunkuyawa ɗaurin takalmi, sai Saje ya zaro wani guntun ƙarfen mota daga ƙarƙashin tebur, ya cusa can ƙasan jakar.

Yau ce ranar ƙarshe ta tantance masu shiga rundunar leƙen asiri, sojojin da ake turawa can bayan abokan gaba su yi kwanaki ba a ji ko tarinsu ba. An gwada ido da kunne, an gwada iyo da karatun taswira. Cikin mutum tamanin, saura goma sha ɗaya. Abin da ya rage shi ne tafiyar kilomita ashirin da kaya a baya cikin awa uku. Wanda ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya, sai ya koma inda ya fito.

Sau biyu Saje na gwadawa, sau biyu gwiwa na kayar da shi, har aka ajiye shi a sito yana jera barguna. Shi fa ya koya wa yaron nan ɗaurin takalmin ma! Amma yanzu in Inna ta bugo waya, ko gwiwar ba ta tambaya, sai dai, "Ya Autana, ya ci?" Kishi ne tsagwaronsa, kuma Saje ya san sunansa.

"Yaya, a sa ni a addu'a," in ji Auta, yana saɓa jaka.

"Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Da hantsi suka fara dawowa ɗai-ɗai. Kyaftin na tsaye bakin layi da agogo a hannu. Can sai ga Auta yana tangaɗi, kafaɗar rigarsa ta jiƙe da jini. Saje ya ji bakinsa na ihun "Taho! Taho mana!" bai san lokacin da ya fara ba.

Kyaftin ya danna agogo. "Ka wuce lokaci da daƙiƙa arba'in. Ka fita."

Auta ya ja ƙafa zuwa tebur, ya zazzage jakar, ya ɗauko ƙarfen ya ajiye a gaban yayansa.

"Tun kilomita na farko na ji shi," ya ce a hankali. "Na san tsoro ka ji kada nauyin jakata ya gaza a sikeli. Ka yafe ni, Yaya, na ba ka kunya."



Kyaftin ya matso, ya ɗaga ƙarfen ya jinjina, ya dubi takardar awo.

"Wa ya auna jakar nan da safe?"

Auta ya buɗe baki zai ce shi ya saka abinsa. Saje ya dafa masa kafaɗar da ba ta jini, ya cire hularsa ya ajiye kusa da ƙarfen.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma ba don sikeli na saka ba."