Nonon Saye

Wani bijimi ne ya karya wa Alhaji Harun muƙamuƙi a kasuwar shanu. Ya sunkuya zai duba masa kofato, dabbar ta juyo da kai ta make shi. A asibiti aka ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, aka ce sati shida sai abin da zai zuƙa da bututun roba. Ga dillalin da bakinsa ne jarinsa, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Matarsa Hajja Zulaiha, wadda ta shekara talatin tana ƙorafin surutunsa, kwana uku kawai ta yi ta fara kewarsa.

Ranar sallama, likitar, Dakta Susanna, ta lissafa abin da zai sha: romo, kunu, ruwan 'ya'yan itace. Sai ta yi dariya ta ce, "Nono kuwa, Baba, ku Shuwa ba sai na faɗa muku ba. Ku za ku koya mini."

Hajja ta buɗe baki za ta yi magana, Alhaji ya zuba mata ido, ta haɗiye.

Abin da likita ba ta sani ba, rabon Alhaji da nono shekara goma sha ɗaya. Tun ranar da rikici ya tashe su daga ruga, aka kora garkensu kaf, suka tare a unguwar Jiddari Polo cikin gari, ya ce ɗan makiyayi ba ya shan nonon saye. Ba rantsuwa ya yi ba, magana ce kawai, amma taurin kansa ya fi rantsuwa. Shayi baƙi, tuwo, nama, shi ke nan. Yanzu da aka rufe bakin, sai shayin da kunu tsararo.

Sati shida suka cika, suka koma da murnar za a cire waya. Dakta Susanna ta ɗaga hoton ƙashin ta daɗe tana kallo, ta tura su gwajin jini, sannan ta zaunar da su.

"Hajja, ƙashin bai kama ba yadda ya kamata. Akwai wani sinadari, kalsiyam, shi ne simintin da jiki ke like karaya da shi. Na Baba ya yi ƙasa sosai. Idan nan da sati huɗu bai haɗe ba, sai mun yi aiki mun sa ƙarfe, kuma ƙashi mai rauni ba ya riƙe ƙarfe da kyau. Yana iya shafar taunarsa da maganarsa. Kofi nawa na nono yake sha a rana?"

Wannan karon Hajja ba ta kalli mijinta ba. Ta faɗi komai.

"Laifina ne, da ban tambaya ba," in ji likitar. Ta rubuta maganin da ake narkawa a ruwa, ta ce magani kaɗai ba zai tayar da mutumin da ya rame haka ba, sai da nono safe da yamma.

A keke suna komawa, Alhaji ya juya mata ƙeya. Ita kuwa tsoro ne ya cika ta. Ta tuna muryarsa in yana ciniki, ana jinsa daga ƙarshen kasuwa, ta ce a ranta, wallahi ba za ta bar girman kai ya cinye wannan muryar ba.

Washegari da hantsi ta je unguwar Mafoni wurin Sauda mai nono, ta sayo madara, ta tafasa, ta bari ta huce. Ta zuba a ƙwarya ta kai masa inuwar dalbejiya inda yake zaune.

"Alhaji, ga shi. Ɗan'uwana ne ya aiko, na saniyarsa ne. Kyauta ce."

Ƙarya ce, kuma su biyun sun san ɗan'uwanta ko akuya ba shi da ita. Alhaji ya kalli ƙwaryar, ya kalli matar. Ya daɗe haka, sannan ya karɓa, ya cusa bututun ta gefen waya ya zuƙa.

Ya rufe ido. Hajja ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, ita ma nata suka zubo, don ta san ba ita yake gani ba, shanunsa yake gani. Ya shanye tas.

Sai ya yafito ta. Ta matso da kunnenta kusa da bakinsa, domin maganar ta cikin waya take fitowa, a matse.

"Wannan an sirka shi da ruwa," in ji shi. "An cuce ki, Zulaiha. Gobe tare za mu je, ni zan zaɓa."