Tsattsewa Ta Koma Ruwa

Jarkar fetur biyu, igiya, filafili, akwatin sifana, rigunan hana nutsewa, injin da aka naɗe cikin tsohon bargo, sai jirgin kansa ɗaure a bayan a-kori-kura, hancinsa na kallon sama. A gaba kuma, tsakanin direba da Badaruddeen, ga Alhaji Mahmuda, wanda ba a gayyata ba.

Sun baro Ɗantutture sun nufi dam ɗin Zobe. Tun daga Kurfi Alhaji yake magana.

"Ɗana, kai ba ka san Tsattsewa ba. In mahaifinka ya murɗa ta, ruwa rabewa yake yi gida biyu har ka hango yashi a ƙasa. Ni ina gefensa, hulata a hannu."

Tsattsewa sunan jirgin ne, ɗan ƙaramin jirgi ja mai gudun tsiya da Turawan aikin dam suka zo da shi. Marigayi Tukur, mahaifin Badaru, shi ne direbansa, kuma da aiki ya ƙare suka bar masa. Inji ya mutu, Tukur ma ya rasu Badaru na goye. Jirgin ya shekara aru-aru a kife a gidan Gogo Batula, yayar marigayin, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Da Badaru ya dawo daga Masar, inda ya karanci injin jirgin ruwa, ya kori kajin ya shiga gyara.

Kujerun jirgin huɗu ne. Amma a majalisar gindin dalbejiya da ke Dutsin-Ma, inda tsofaffin ma'aikata ke zama bayan la'asar, babu wanda bai taɓa zama gefen Tukur ba. Har ƙungiya suke da ita, ta Masoya Tsattsewa, Alhaji Mahmuda ne shugaba. Babban aikinta kwaikwayon ƙarar injin da baki. Kowa da tasa, kuma an taɓa gaba ta wata guda a kan ko ƙarar daga maƙogwaro take farawa ko daga hanci. Yanzu ƙungiya ta yanke shawara: a cire inji, a sake fenti, a ɗora jirgin a kan siminti a shataletale. Badaru ya ce zai ba da amsa bayan ya sa shi a ruwa. Bai san muryar ubansa ba. Yana son ya ga mutanen da suka san ta sun ji wannan ƙara sun ce, haka ne, haka Tukur yake yi.

A bakin dam suka tarar da ƙungiya ta riga su, manyan riguna na shan iska. Badaru ya ɗaura inji, aka tura jirgi cikin ruwa, ya ɗaga rigunan hana nutsewa.

"Akwai wurin mutum uku. Baba Alhaji, ga kujerarka ta da."

Alhaji ya dubi rigar, ya dubi ruwa. "Likita ya hana ni sanyi. Malam Siraju, shiga."

Malam Siraju, tsohon hedimasta, ya ce shaddarsa sabuwa ce. Wani ya ce alwala gare shi. Wani ya ce a zamaninsu ba a saka irin wannan riga, kuma ba zai fara yau ba, ba kuma zai shiga babu ita ba.

Badaru ya shiga shi kaɗai. Ya ja igiya, injin ya yi tari, ya sake ja, injin ya kama. Tsattsewa ta ɗaga hanci ta yanka ruwa. Iska ta cika masa baki, idonsa ya kawo ruwa, masunta suka riƙe gefen kwalekwalensu. Ya zagaya ta wajen Makera, ya kwantar da ita a kwana har gefenta ya sha ruwa, ya dawo ya kashe.



"To," in ji Alhaji Mahmuda. "An yi ƙoƙari."

"Ƙarar ba ita ba ce," in ji Malam Siraju. "Ta da, a Kurfi ake jin ta."

"Kuma ita Tsattsewar ta da, ta fi wannan tsawo."

"Ta fi ja."

"Ɗana, kada ka ji haushi," Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Tukur in ya tashi, kafin ka ce bisimilla ya ɓace. Kai kuwa muna ganinka tun tafiya har dawowa. Ji yadda take." Ya kumbura kumatu ya saki wata ƙara mai kama da ta injin niƙa. Malam Siraju ya girgiza kai ya saki tasa. Nan take sauran suka kama, tsofaffi a jere suna gurnani, sun juya wa jirgin baya.

Badaru na naɗe igiya sai ga wani tsohon makiyayi ya taho daga mashaya, sanda a kafaɗa, yana haki. A bayansa shanu sun watse cikin gonakin rani, matasa na bin su.

"Wane ne mai wannan abin?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon, Yero sunansa, ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. "Ashe bai mutu ba. Ina saurayi ya dinga kora mini shanu. Na yi sadaka ranar da aka ce ya lalace. Tun daga can na ji shi, na ce ga la'anannen nan ya dawo." Ya ƙura wa Badaru ido. "Kai ɗan Tukur ne?"

"Ni ne."

"Na gani a kwanar da ka yi. Shi ma haka yake kwantar da shi daidai mashaya, yana dariya. Allah ya jiƙansa, ya cuce ni."

"Amin. Baba, ka yi haƙuri. Ba zan sake bi ta mashaya ba."

"Shi ma haka ya ce."

Alhaji Mahmuda ya matso ya yi wa Yero bayani cewa wannan ba ainihin ƙarar ba ce, ya fara kwaikwayo. Yero ya saurare shi har ƙarshe.

"Alhaji, wannan ko ɗan maraƙi ba za ta kora ba."

Ya juya ya bi shanunsa.

A hanyar komawa Alhaji ya sake zama a tsakiya. Ya ce gara a cire injin da wuri, don yana ɓata wa Tsattsewa suna. Ya ce an riga an yi magana da magini. Yana kan magana har suka isa Ɗantutture. Aka sauke jirgi aka shigar da shi tsakar gida, kaji suka taru suna leƙen ƙarƙashinsa. Gogo Batula ta tambaya ko ya yi gudu, Badaru ya ce an zagi mahaifinsa a kansa. Ta ce to ya gyaru ke nan.

Alhaji na tsaye a zaure. "Yaushe za mu turo mota?"

"Baba Alhaji, ku ɗora taku a shataletale, tunda ta fi tsawo ta fi ja. Wannan kuwa, Asabar mai zuwa za ta koma ruwa. Kujera uku na nan."

Ya rufe ƙofa.