Ƙusar da Ke Jikin Maɗaci

Tun ranar da aka shafa wa bishiyoyin maɗaci bakwai na bakin ƙofar lambun shaƙatawa jan fenti, Baba Mai Igiya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi ne tsohon mai kula da lambun, shi ya dasa su da hannunsa, ga shi ana so a sare su a faɗaɗa wurin ajiye motoci. Sai ya ɗauki tsintsiya ya ajiye, ya buɗe famfon ban ruwa ya manta da shi har ruwa ya kwanta a kan hanya.

Dama ɗaya ta rage masa. Kwamitin lambun ya ce ba za a taɓa bishiyar da aka tabbatar tana tara kabon mai yawa ba, wato abin nan da itace ke zuƙewa daga hayaƙin motoci ya adana a jikinsa. Daga kaurin bishiya ake gane shi, da yadda kaurin ke ƙaruwa. Shi kuwa Baba shekara ashirin da shida ke nan yana zagaya kowace ɗaya da igiya daidai ƙirjinsa, kamar yadda aka koya masa, ya auna igiyar ya rubuta a littafi. Can ya samo sunansa.

Ranar zaman kwamiti, da safe, Manajan lambun ya zo da wata matashiya mai awon itatuwa. Ta kafa sandar awo mai tsayin ƙirjin mutum a gindin bishiyar farko, ta zagaya tef daidai kan sandar, ta dubi littafin Baba, ta sake zagayawa. Har ta gama bakwai ɗin Baba na biye da ita yana murza igiyarsa.

"Baba, awonka ya fi nawa da kusan taƙi guda," in ji ta. "Kowace ɗaya."

Manaja ya yi dariya. "Ko dai igiyar ce ke shan takin? Da ma na faɗa, son bishiya ya sa tsoho ƙarin gishiri. In littafin nan ya shiga gaban kwamiti da ƙarfe biyu, sai mai zarto ya wasa haƙoransa."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa rubuta abin da igiya ba ta ce ba."

"To Baba, auna mu gani," in ji Mai Awo.

Ya manna ƙirjinsa da bishiyar, ya zagaya igiya. Ita ba igiyar take kallo ba. Wata ƙusa ta gani mai tsatsa, ɓawo ya kusa haɗiye ta, daidai haɓar Baba, kuma daidai kan sandarta.

"Wannan fa?"

"Ni na kafa, 'yata, a kowace ɗaya, don in riƙa rataya igiya. A ƙirjina take a lokacin. Da bishiyar ta yi tsawo ta tafi da ita sama, sai na bar bin ta, na koma bin ƙirjina."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha biyar."

Ta sassauta murya. "Baba, itace daga kai yake ƙara tsawo. Ƙusa inda aka kafa ta nan take mutuwa. Ba ita ta hau ba."

Baba ya dubi ƙusar, ya dubi ƙirjinsa. Ya yi yunƙurin miƙe bayansa, bayan ya ƙi. Ashe shi ne yake sauka, shekara bisa shekara, yana jan igiyar zuwa ƙasa inda gindi ya fi faɗi.

"Na ɗauka ku ne gatari da wutar da za su ci bishiyoyin nan," ya ce wa Manaja, "ashe ƙugu ne ya ci amanata."

Mai Awo ta buɗe farkon littafin. "Shekara goma sha ɗayan farko a kan ƙusa ka auna, sahihai ne. In na haɗa su da awona na yau, za a ga haƙiƙanin abin da suka tara. Amma sauran sai an soke, kuma kai za ka gaya wa kwamiti dalili. In ni na faɗa, za a ce rufa maka asiri nake."

Baba ya zagaya bishiyar sau biyu, ya je bakin famfo ya dawo. Sannan ya karɓi bironta, ya ja layi a kan shafi goma sha biyar, ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙarfe biyu ya tsaya gaban kwamiti ya ce bayansa ne ya ranƙwafa bai sani ba. Aka yi dariya, har da shi. Mai Awo ta nuna cewa maɗaci guda daga cikin manyan ya riƙe abin da sabon dashe ɗari bai riƙe ba, ban da inuwar da ke sanyaya ƙofar. Aka bar biyar. Biyun da ke kusurwa, da katanga ta tauye, ba su tsira ba.

Kafin a tashi aiki Baba ya yanko sanda daidai tsayin ƙusa, ya ɗaura mata igiyarsa. Ya ɗauki burushin ƙarfe ya shiga kankare jan fenti daga biyar ɗin, yana yi yana waiwayen kusurwa.