Fuskar Gidan Scherzinger

Shekara goma sha tara ke nan Irmtraud Häberle tana riƙe da makullan ɗan gidan tarihin da ke bayan kasuwa, inda ake ajiye fuskokin katako na Fasnet, bikin ƙarshen hunturu da mutanen gari ke rufe fuska su yi jerin gwano. Ranar Litinin ɗin biki ba a biyan kuɗin shiga, don haka tun da hantsi baƙin da suka zo a jirgin ƙasa mai araha suke cika wurin, rabinsu ma ɗumi suka zo nema.

Galibin akwatunan gilashin wayam suke a ranar, domin kowane gida kan zo ya karɓi fuskar kakanninsa ya saka a jerin gwano. Guda ɗaya ce ba mai zuwa nema, ta gidan Scherzinger, waɗanda suka ƙare tun bayan yaƙi. Tsohuwa ce, mai murmushi, da tsaga a haɓa.

Wata 'yar Holan ce ta tambaye ta me ya sa akwai rubutu a akwatin ƙarshe amma babu komai ciki. Irmtraud ta duba, na fuskar Scherzinger ne. Akwatin a kulle, makullin kuwa yana aljihunta. Ta ce a ranta tabbas Ekkehard ne, tsohon masassaƙin da ke gyara musu kaya, ya ɗauka bai faɗa ba, halinsa ne. Ta bar wa abokiyar aikinta ƙofa, ta nufi shagonsa tana shirya masa faɗa.

Sai da ta ratsa babban titi. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ƙarar ƙararrawar da masu fuskokin suka rataya a jiki suna tsalle ta cika gari, ana cilla wa jama'a alewa. A wannan rana duk wanda ya saka fuska yana da damar tare kowa ya zayyana masa abin kunyar da ya yi a shekara, a yi dariya a wuce. Irmtraud ta sha wannan, ba ya damunta.

Wani ya fito daga layi ya tsaya a gabanta. Ta ga tsagar haɓar. Abin da ya fara ba ta tsoro shi ne jikinsa duk ƙararrawa, amma ko ɗaya ba ta kaɗa ba.

Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Irmi, ranar da Roswitha take kiranki daga asibiti, kin ga sunanta a waya. Kika kife wayar, kika ci gaba da yi wa baƙi bayani."

Roswitha yayarta ce, ta rasu a watan Nuwamba, a yammacin ranar da ta yi kiran. Irmtraud ta gaya wa dangi wayar tana cikin jaka, ba ta ji ba. Babu mahalukin da ya gani.

"Ba wani abu za ta ce miki ba," in ji shi. "Safar ulu take so ki kawo mata. Ƙafafunta sun yi sanyi."

Ya koma layi. Mutanen da ke gefenta suna ta dariya, wani ma ya ɗauki hoto.

Ta iske Ekkehard a shago, ya rufe taga yana fere itace. Ya rantse bai taɓa fuskar ba. Da ya kalle ta sosai, sai ya ajiye wuƙar ya jawo mata kujera.

"Fuskar ta yi miki magana ke nan," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ya ce shi ma ta tare shi, shekara talatin da wani abu da suka wuce, tun daga nan bai sake leƙa jerin gwanon ba. Mutane suna cewa girman kai ne, ya bar su a haka. Bai tambaye ta me aka ce mata ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Ya dafa kofi, suka sha.

Da ta koma da la'asar, fuskar tana cikin akwatinta. Gilashin ya yi gumi ta ciki, daidai wajen baki.

Washegari ta sayi safar ulu mai kauri, ta hau bas zuwa maƙabarta. Ta daɗe a tsaye, ta rasa yadda za ta yi da ita, daga baya ta tura ta ƙarƙashin tukunyar furen. A hanyar dawowa ne kuka ya zo mata, karo na farko tun jana'izar, har direban ya waiwayo ya tambaye ta ko ta wuce tasharta.